Zannuwan Hajiya, Zaren Ɗinki da Fushin Yaya

Assalamu alaikum Anti. Daga Gwammaja nake rubuto miki. Bara Allah Ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa. Da aka raba gado, zannuwanta na atamfa guda goma sha huɗu suka faɗo a rabona ni da Yayata, wasunsu tun muna yara muke ganinsu a jikinta. 'Yata ta fari, wadda Yaya ce ta riƙe ta tun daga yaye, saura wata biyu bikinta. Sai na yi tunanin in yayyanka zannuwan in harhaɗa su, in sa auduga a tsakiya, in ɗinka mata bargo ta tafi da shi ɗakinta. Ina taɓa ɗinki, kekena Butterfly ne. Yaya ta yarda, ta kawo nata bakwai. Na fara gwaji da ɗankwali biyu, na sa sabon farin yadi a baya, na ɗinka da zaren foliyesta da na saba. Da na wanke sai ya tattare, da na goge da dutsen gawayi kuma wani wuri ya farke. Yaya na gani ta ce zaren roba reza ne, zai yanke kayan Hajiya, in ba da na auduga zan yi ba in mayar mata da nata. Mai sayar min da zare kuwa cewa ya yi na auduga ruɓewa yake, an daina yayinsa. Raina ya ɓaci na ce wa Yaya ai ita ba ta san ɗinki ba. Yau kwana goma ba ta ɗaga wayata. Wane zare zan saya, kuma yaya zan yi da Yaya?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya haskaka kabarinta, Ya sa can ta fi mata nan. Auren kuma Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin lafiya.

Zaren auduga za ki saya. Ban ce foliyesta mugun zare ba ne. Ni kaina da shi nake yawancin ɗinkina, kuma da bargon yara ne da za a riƙa jiƙawa a omo duk mako, ko zanen gado na sayarwa, da shi zan ce ki ɗauka ba wani dogon tunani. Amma aikin nan naki daban ne, domin abin da za ki sa a ƙarƙashin allura ba a sayar da shi a Kwari. In zare ya tsinke, wani za ki zura ki mayar da ɗinkin kafin ruwan shayi ya tafasa. In zanen Hajiya ya yage fa, ina za ki samo wani? Masu gyaran tsofaffin tufafi suna da wata ƙa'ida, ita nake so ki riƙe: kada zare ya fi yadin ƙarfi. Duk ɗinki wata rana sai an ja shi. Yaro zai taka ya finciko, mai wanki zai murɗe, iska za ta fizge shi a kan igiyar shanya. Ranar da aka ja, ɗaya daga cikin biyun ne zai sallama, ko zaren ko yadin. So muke zaren ya zama shi ne mai sallamawa.

Foliyesta ba ya sallamawa da wuri. Daga sinadaran man fetur ake yin sa, kuma dangi ɗaya suke da robar gorar ruwan nan da muke saya a shago. A Ingila aka fara samar da shi a shekarar 1941, aikin wasu masana biyu, Whinfield da Dickson, aka fito da shi kasuwa da sunan Terylene. Yana da ƙarfi, yana miƙewa kafin ya tsinke, ba ya shan ruwa. Auduga takan zuƙi danshin iska har kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta, shi kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa, shi ya sa rimar damina da funfuna ba sa cin sa. A sabuwar atamfa mai ƙwari duk wannan alheri ne. A zanen da ya shekara ashirin ko talatin yana shan wanki da rana, ƙarfin nan shi ne abin tsoro.

Maganar Yaya ta cewa reza ne, ta ɗan kai ta nesa. Dubi kayan da ke jikinki yanzu: da wuya in ba atamfar auduga ba ce aka ɗinka da foliyesta, kuma ba ta yanke ba. Lafiyayyen yadi zaren nan ba ya yi masa komai. Amma tsohon zane wani abu ne. Kin san takardar rasit, yadda ake jera mata ƙananan huji don ta yage a layi ɗaya? Haka allura take yi wa yadin da ya gaji. In aka bi hujin nan da zaren da ya fi ƙarfin silin yadin, aka ja, yadin ne zai tsage a kan layin, zaren yana nan daram kamar ba abin da ya faru. Na sha ganin haka a tsofaffin rigunan da ake kawo min gyara: ɗinkin lafiya lau, gefensa ya rabe tun daga hammata har ƙasa. To kin ga Yaya ba ta san sunan abin ba, amma idonta ya gane haɗarin. Zaren da ya cancanci a kira shi reza shi ne farin nan garai-garai mai kama da na fatsa. Shi kam ko kusa da kayan Hajiya kada ya zo.

Gwajin da kika yi kuwa, ba zaren kaɗai ne ya ɓata shi ba, kuma gara ki san haka tun yanzu, don kada ki sayi na auduga ki sake ganin tattarewa ki ce an yaudare ki. Farin yadin da kika sa a baya sabo ne, ba ki wanke shi ba. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, su kuwa ɗankwalayen Hajiya sun gama tsukewarsu tun tuni. Da suka shiga ruwa tare, na bayan ya ja jikinsa, na gaban bai da inda zai je sai ya tattare. Sannan foliyesta, da yake yana miƙewa, in kin ɗaure zaren sama da yawa, a miƙe yake shiga yadin, in ya fito daga keke sai ya koma tsawonsa ya tafi da yadin. A kauri ba a cika lura ba, a laushin tsohon zane nan take ake gani.

Farkewar kuma aikin dutsen guga ne. Dutsen lantarki yana da ɗigo-ɗigo a jikin abin murɗawarsa: ɗigo ɗaya zafin digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Auduga da ɗigo uku ake goge ta, foliyesta iyakarsa biyu. Wajen digiri 250 yake narkewa gaba ɗaya, amma tun kafin a kai nan ya fara laushi yana rasa ƙarfi. Dutsen gawayi ba shi da ɗigo ko ɗaya. In an fifita shi ya yi jajir, ba wanda ya san inda zafinsa ya tsaya. Aikin haɗa ƙyallaye kuwa guga ne rabinsa, kowane ɗinki sai kin kwantar da shi da dutse kafin ki haɗa na gaba. Da halin wutarmu, na san gawayin za ki koma wa. Zaren auduga zai ɗauki duk zafin da atamfar za ta ɗauka, tunda jinsinsu ɗaya. Wannan ma kaɗai ya isa dalili.

Yanzu sai wahalar, wato samun sa. Kusan duk manyan zarurrukan da ke jere a shagunan kayan teloli, a Kwari ne ko Sabon Gari ko Wambai, foliyesta ne. Na auduga sai an tambaya, wani lokaci sai an zaga. Kuma ki kula da bakinki a kasuwa: in kika ce ba kya son "zaren roba", wani zai ɗauka mai talewar nan kike nufi na ɗinkin shirin, wato ɗinkin da ke tattare yadi. Ki ce na auduga zalla kike so, na keke.

Kada ki tsaya ga rubutun jiki. Na taɓa sayen zare a wani shago, takardarsa ta ce auduga ce ɗari bisa ɗari, na biya kuɗin auduga, na zo gida na kusanta shi da wuta ya dunƙule. Tun daga ranar ba na zuwa sayen zare sai da ashana a jaka. Ga yadda za ki yi. Ki nemi izinin mai shago ki tsinko kamar taƙi ɗaya, ki ninka shi huɗu, ki fita waje nesa da kayan mutane, ki riƙe da almakashi, ki kyasta. Kafin ma wutar ta taɓa shi ki zuba ido. Foliyesta gudun wuta yake, zai noƙe yana nannaɗewa, ya yi baƙin hayaƙi mai warin leda, ya bar wani ɗan dunƙule baƙi a baki. In ya huce ki murza shi tsakanin yatsu, za ki ji shi da tauri kamar ƙwayar gero, ba ya farfashewa. Auduga kuwa ba ta gudu. Za ta kama bal-bal, ta yi warin takardar da aka ƙona, in kin hure ki ga ɗan jan garwashi yana bin silin a hankali, abin da zai rage toka ce mai laushi, kina taɓawa ta bi iska. In kika ga ya yi warin takarda amma ya bar ɗan tauri, gauraye ne: akwai zaren da cikinsa foliyesta ne aka naɗe shi da auduga.

Akwai mai ruɗi guda ɗaya. Zaren ado mai sheƙin nan da ake cewa siliki, da yawansa reyon ne, daga itace ake sarrafa shi, kuma a wuta kamar auduga yake ci, har tokar. Shi da ruwa ake kama shi. Ki tsinka busasshe ki ji ƙarfinsa, sannan ki jiƙa wani a baki ki sake tsinkawa. Auduga in ta jiƙe ƙarfi take ƙarawa. Reyon in ya jiƙe sai ki ji ya rabu salin-alin. Ado aka yi shi dominsa, ba riƙe bargo ba.

Mai shagonku ma yana da tasa gaskiyar. Zaren auduga yana mutuwa in ya daɗe a ajiye, musamman wanda ya sha rana a bakin shago ko rima a sito, kuma da yake ba a cika sayensa ba, wanda za ki samu zai iya zama tsohon ajiya. Ki warware saman ki jefar, ki naɗa na ciki a yatsu biyu ki ja. Mai rai zai yi gardama, ya ɗan shiga fatar yatsa, sannan ya tsinke da ƙara, tas. Wanda ya mutu ba ya ko gardama. In kin ga an rubuta Mercerised a jiki, shi ne na gaba. Wani Bature ne mai suna John Mercer ya gano dabarar a 1844: a tsoma zaren a ruwan soda mai ƙarfi, sai ya ƙara ƙwari, ya yi santsi da ɗan sheƙi, ya riƙe rini. Irinsa ba ya cika zubar da ɓurɓushi a cikin keke.

Lambar da ke jiki ma ki karanta ta. Yawan lamba, sirantar zare: 50 ya fi 40 siriri, 60 ya fi 50. In kin ga 40/2, ma'anarsa sili biyu ne na lamba 40 aka tufke. Don haɗa ƙyallaye ki nemi 50. Don ɗinkin saman da zai kama gaba da ciki da baya, 40 ko wanda ya ɗan fi shi kauri. Launi kuwa, tunda zannuwa goma sha huɗu ba za su taɓa zama kala ɗaya ba, kada ki wahalar da kanki neman zaren kalar yadin. Ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske yana ɓacewa a cikin kowace atamfa. Abin da ke sama shi za ki naɗa a kwarkwaro, kada ki sa auduga a sama foliyesta a ƙasa, don mai ƙarfin zai riƙa cin mai laushin a duk inda suka sarƙe. Allura sabuwa, lamba 12, in ta ƙi 14. Tsohuwar allura mai dakusasshen baki ba huda yadi take ba, fasa shi take. Ki sassauta zaren sama, ki buɗe tsawon ɗinkin ya kai kamar goma a inci ɗaya, don hujin ya yi nisa da juna. Duk kwarkwaro biyu ko uku ki buɗe ƙasan keken ki share ɓurɓushi da tsohon buroshi, ki ɗiga mai.

In tsada ce take tsorata ki, zo mu yi lissafi. A ce bargon inci 80 ne da 88, wanda zai rufe babban gado ya ɗan zubo. In kowane ƙyalle inci 8 ne bayan ɗinki, ƙyalle 110 ke nan, goma a jere sau goma sha ɗaya. Ki yanka su inci 9, don ki bar rabin inci kowane gefe. Tsohon yadi yana son a ba shi wuri. Layukan haɗin duka ba su wuce yadi 45 ba, keke kuwa yakan ci zare kusan ninki uku na tsawon ɗinki, sama da ƙasa. Ki ƙara ɗinkin sama, da kalmasa, da kafa ƙyallaye a kan shafi, duka-duka zare mai tsawon yadi 1,000 ya ishe ki har da saura. Ko ya ninka foliyesta kuɗi sau uku, bai kai kuɗin turmi ɗaya na atamfa mai kyau ba.

In kuwa kin zaga kin rasa na auduga mai rai, kada aikin ya tsaya. Ki ɗauki foliyesta mafi siriri da kika samu, mai taushi marar sheƙi, ki bi duk matakan nan, ki yi guga da tsumma mai danshi a tsakani. Amma ki fara nema tukuna, da gaske.

Na ambaci shafi, kuma a wurina ya kusa kai zaren muhimmanci. Kafin almakashi ya taɓa komai, ki ɗauki zannuwan ɗaya bayan ɗaya ki ɗaga su a bakin taga da hantsi. Za ki ga tsakiyar zanen, inda ake zama a kai, haske yana ratsa shi kamar rariya, gefe da gefe kuwa da sauran duhu. Ki kama wurin da manyan yatsunki biyu ki ɗan ja. In kin ji yana ƙara a hankali kamar zai buɗe, wurin ya gama aikinsa, ki kewaye shi. Daga gefuna da wajen bakin zane za ki sami ƙyallaye masu rai. Ki zare sili ɗaya daga kowane zane ki gwada shi da ashana kamar yadda kika gwada zaren. Tsofaffin atamfofi, irin na Holan da waɗanda masaƙun Kaduna suke yi a da, auduga ce zalla. Amma in akwai waɗanda aka saya wa Hajiya a shekarun baya-bayan nan, ba mamaki ki tarar da mai roba a ciki. Ita ki ware ta, don ba za ta ɗauki zafin da sauran za su ɗauka ba. Ki jiƙa farin tsumma ki goga a kan masu ja da masu shuɗi, ki ga ko suna zuba. Sannan ki sayi farin yadin auduga marar nauyi, shi ne shafin, ki wanke shi sau biyu da ruwan zafi, ki shanya, ki goge. Kowane ƙyallen atamfa ki ɗora shi a kan irin girmansa na farin, ki bi gefensu da ɗinki, su zama abu ɗaya. Daga nan duk jan da za a yi wa bargon, sabon yadin ne zai ɗauka, zanen Hajiya yana kwance a kai yana hutawa. Na bayan bargon ma haka, a wanke kafin a yanka.

Wani abu ya faɗo min a rai da nake karanta wasiƙarki. Mutane suna ɗauka irin wannan ɗinki na cusa auduga a tsakiya baƙo ne a wurinmu, daga waya aka gano shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe ya ga 'yan lifidi, su da dawakansu a lulluɓe da yadi mai cushe da auduga, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya gangara. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, lifidi ya shigo garin nan. Da zaren hannu aka yi ta ɗinka shi, wanda iyayenmu mata suka kaɗa da mazari suna shafa alli a yatsa, ɗaruruwan shekaru kafin a san wani abu foliyesta. Don haka in an ce miki auduga ba ta riƙe abu mai kauri, ki tuna ta riƙe rigar yaƙi. Sai dai zaren kaɗi ba na keke ba ne, kaurinsa ba ɗaya ba ne, abawa kuwa ta yi laushi da yawa.

Cikin bargon, ki guji ɗanyar auduga ta katifa da audugar rimi, wanki ɗaya za su dunƙule. Siririn bargon auduga da aka riga aka wanke ya fi min komai. In fayiba kika samu, irin ta masu zanen gado, ki ɗauki marar kauri, ki kuma sani ita ma foliyesta ce, bayan an rufe ba sauran guga mai zafi. Ki shimfiɗa su uku a kan tabarma, ki kafa su da manyan ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa gefe, sannan a bi da ɗinkin sama, tazarar inci 4 ko ƙasa da haka. Keken gida irin naki yakan ja na ƙasa ya bar na sama, ga bargon da nauyi, ga hannun keken gajere. Shi ya sa na fi so ɗinkin saman nan a yi shi da hannu. Zaren ya zama kamu ɗaya kacal a kowace zurawa, a goga shi a kakin zuma don kada ya ƙulle. A wajen masu sayar da zaren hula akan sami na auduga mai ɗan kauri da ke yin kyau a wannan aikin, in ya ci gwajin wuta da na ruwa, kuma bai zuba ba.

Amarya kuma a gaya mata tun yanzu: wanki da hannu, sabulu mai laushi, ba bilic, ba murɗewa, shanya a inuwa a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya ja ɗinkin. In hunturu ya wuce a naɗe shi a tsohon zanen gado, kada a ɗaure shi a leda damina ta same shi a ciki.

Yanzu Yaya. Ƙanwata, kin yi kuskure, kuma na san kin sani, tunda ga shi kin ƙirga kwanakin. "Ba ki san ɗinki ba" magana ce da za a iya faɗa wa abokiyar sana'a a wuce. Ke kuwa wadda ta goya miki 'ya tun daga yaye kika faɗa wa, a kan kayan uwar da ta haife ku, shekara ɗaya da rufe ta. Ki tsaya ki ga abin da ta gani ranar nan. Ta kwaso zannuwa bakwai, wataƙila har da wanda take buɗe akwati ta shinshina in kewa ta taso mata, ta kawo miki ba ta ce komai ba. Ta dawo ta tarar da ɗankwalin Hajiya biyu a yanke, a tattare, a farke. Ba zancen foliyesta take ba a lokacin. Tsoro ne ya kama ta kada sauran su bi sahu, ya zama ba zane ba bargo. Ita ba ta da kalmar teloli da za ta faɗi haka, sai ta ce reza. Ke kuma naki baƙin cikin a keke kike sauke shi, shi ya sa da aka taɓa aikin kika ji kamar an taɓa ki. Kowaccenku kukan Hajiya take, ba ku dai gane muryar juna ba.

Ki daina kiran waya. Zumunci a ƙafa yake, kuma laifin da aka yi da baki ido da ido, ido da ido ake wanke shi. Ki shirya ki je gidanta da safe, ki durƙusa ki gaishe ta kamar yadda kika saba, ki ce, "Yaya, na yi miki rashin kunya, ki yafe min. Na bincika, maganarki ce gaskiya, da na auduga za a yi." Ki tsaya a nan. Kada ki ɗora da bayanin cewa ai ba reza ba ne, ai sabon yadi ne ya tsuke. Wannan ni da ke muka sani, ranarsa daban. In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai ta gama, hakkinta ne.

Ki tafi mata da zannuwanta bakwai a ninke. Ba don kin mayar mata ba, don ta sake ba ki da hannunta. Rabonta ne na gado, halalinta ne, kuma yardar da ta yi da farko ta janye ta. Ba ya halatta ki sa musu almakashi sai ta sabunta. Ki roƙe ta ta zaɓi guda ɗaya, wanda ya fi kwanta mata a rai, ta ajiye shi cikakke ba za a yanka ba. Ke ma ki ware naki ɗaya. Goma sha biyu sun ishi ƙyalle 110 har a zaɓi mai kyau a bar marar kyau.

Sannan ki ba ta aiki, domin ita ce uwar amarya, kuma bargon nan bai kamata ya fito daga hannu ɗaya ba. Ku je kasuwa tare, ita za ta riƙe ashanar, ta murza tokar da yatsanta ta ce wannan ne. Ranar jera ƙyallaye a tabarma, ita za ta ce wane zane zai zauna a tsakiya, don ta riga ki sanin su. Ta san wanda Hajiya ta ɗaura ranar sunanki, ke ba ki sani ba. Haɗin keke naki ne, mako biyu ya ishe ki in kin dage. Ɗinkin hannu kuwa ba ya buƙatar tela, layi ne miƙaƙƙe, ki zana mata da alli ta bi. Ku shimfiɗa shi a tsakar gidanta bayan la'asar, ke ta wannan gefe ita ta wancan, ku faro daga tsakiya. Layi biyu-biyu a rana, cikin mako uku kun gama. In ɗinkinta ya fi naki faɗi ko ya ɗan karkace, kada ki warware, ki bar shi yadda ta yi.

In kuma ranar jere ta zo da sauran aiki, kada ku yi gaggawar da za ta sa a koma wa keke da zaren da ke kusa. A kai amarya da sauran kayanta, ku ƙarasa a natse, ku biyun ku kai mata shi ɗakinta kafin sanyi ya sauka.